Kurciyata da Tukunyar Rosmaini

"Daga lokacin da na jiƙa shinkafa har ranar da tire zai fita daga gidan nan," in ji matata Rosmaini. "Ba baƙar magana, ba habaici, ba kuma wannan tarin da kake yi idan ka ga na sa gishiri a miya."

Na ce, "Tari ma ya zama laifi?"

"Naka laifi ne, Uda. Tarinka magana ce." Uda, haka mace ke kiran mijinta ko yayanta a garinmu.

Muna kicin, tana kankare kwakwa, ni kuma ina kan kujerar bakin ƙofa, wadda ita kaɗai ce za a ce tawa a duk gidan. Na yi shekaru ina sayar da yadi a kasuwannin Medan da Pekanbaru, ban yi nisa a makaranta ba, amma na san ba a karɓar sharaɗi sai an ji abin da ke bayansa. Na ce, "To idan na kama bakina, me zan samu?"

"Me kake so?"

"Ƙugiyar baranda."

Ta ajiye kwakwar ta dube ni. Ta san inda na dosa. Ina da kurciya, irin wadda idan ta yi kuka mai wucewa a kan babur sai ya rage gudu. Tun da na kawo ta Rosmaini ta kore ta bayan gida, kusa da akurkin kaji, wai tana zubar mata da tsaba a inda take shanya barkono. Tsuntsuwa irin wannan a ce tana zama da kaji.

"Ka samu baranda," ta ce. "Amma idan ka karya, ko da kalma ɗaya ce, kurciya ta zama ta Uda Burhan. Da kejinta."

Burhan yayanta ne, shi ne babba a danginsu, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan tsuntsuwar nan. Sai na tuna cewa na taɓa zama da wani ubangida a Medan wanda ke zagin mutum tun daga kakansa, ban taɓa tanka masa ba. Na miƙa mata hannu, ta miƙo nata da jiƙon kwakwa, muka ƙulla.

Abin da ya kawo wannan ciniki shi ne autarmu Yelni. Ta ga yaron da take so, Afrizal, mai gyaran babura a bakin kasuwa, shi ma yana son ta. Ranar Lahadi danginta za su ɗauki tire su je gidansu su nemi a ba mu shi, ya tare a gidanmu yadda ni ma na tare tun ina da gashi a ka. A tiren kuma dole akwai lamang, shinkafar da ake gasawa a cikin gora da madarar kwakwa, da abokin cinsa tapai, baƙar shinkafa mai danƙo da ake barbaɗa wa ragi, wato garin yisti, a rufe a tukunya har ta yi ruwa ta yi zaƙi.

Kowa a ƙauyenmu ya san tapai ba ya son fushi. Mace za ta yi wanka, ta yi alwala, ta rufe bakinta, sannan ta barbaɗa ragi. Idan da ɓacin rai a zuciyarta, tukunya za ta tona mata asiri, ya fito da tsami. Uwar Afrizal kuwa, Uni Samsidar, wato Yaya Samsidar, ta faɗa a gaban mata a wurin wanki cewa ita ba za ta saurari dogon jawabin dattawa ba, cokali ɗaya za ta ɗanɗana. Ɗa ɗaya gare ta, mijinta ya rasu, ba za ta tura shi gidan da ake kwana ana tashi da faɗa ba.

Gidanmu kuma, gaskiya, ana jin mu tun daga gadar rafi. Ba duka, ba zagi, amma ni da Rosmaini ba mu taɓa shan kofin safe ba tare da mun yi gardama a kan wanda ya bar murfin sukari a buɗe ba. Duk da haka tapainta ne ake rububi a kowace Salla. Daga wurin uwarta ta gada, uwarta daga wurin tata uwar. Wannan karon dai ta ce ba za ta yi caca da auren 'yarta ba, gida zai yi tsit.

Aka jiƙa shinkafa, gida ya yi tsit.

Da safe na tarar da kofina ya yi ruwa-ruwa. Na ɗaga kai na ce, "Na gode, Ros. Ya yi daidai."

Ta ce, "Madalla, Uda. A ƙara sukari?"

"A'a, kada ki wahalar da kanki."

Yelni da ke guga a gefe ta tsaya da dutsen guga a sama tana kallonmu kamar ta ga akuya tana salla. Na bar silifas ɗina a tsakiyar ƙofa, ba da gangan ba, al'ada ce. Rosmaini ta yi tuntuɓe da su, ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuya ta jera su a gefe. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Da rana ta soya kifi ya ƙone ta gefe guda, tari ya taso mini har maƙogwaro, na kora shi da ruwa.

Haka ta turara shinkafar, ta baza ta a faifai a kan ganyen ayaba ta huce, ta yi wanka, ta daka ragi ya yi laushi, ta barbaɗa da leɓɓanta a damƙe. Ta zuba a tukunyar ƙasar uwarta, ta rufe da ganye, ta naɗe da tsohon zane, ta tura ƙarƙashin gado.

A rumfar kofi abokai suka sa ni gaba. Mai rumfar, Pak Ujang, ya kira ni da laƙabin da aka ba ni ranar aure, ya ce, "Sutan Pamenan, lafiya gidanku? Matata ta ce in tambaya ko rasuwa aka yi ba a sanar ba."

"Zaman lafiya muke yi."

"Kai da wa?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce shi jiya ya makara zuwa gona, saboda da muryar Uni Ros yake sanin gari ya waye.

Abin da ban gaya musu ba shi ne kurciyar ma ta yi shiru. Na je bayan gida na kaɗa mata yatsa, na yi mata fito, na sake mata ruwa. Ta kumbura gashi ta juya mini baya. Na ce a raina, ki yi haƙuri, baranda na nan tafe.

Ranar Alhamis da hantsi Rosmaini ta jawo tukunyar. Yelni ta durƙusa kusa da ita, ni ina kan kujerata. Tana ɗaga ganyen warin ya iso inda nake. Ta sa cokali ta kai baki, fuskarta ta tattare wuri guda. Ta miƙa wa Yelni, Yelni ta ɗanɗana, idanunta suka kawo ruwa, ban sani ba ko tsamin ne ko kuka.

Ta ce da uwarta, "Amak, me ya faru?"

"Ban sani ba," in ji Rosmaini a hankali. "Yadda tawa Amak ɗin ta koya mini haka na yi. Ban tsallake komai ba."

Ta miƙo mini. Na taɓa shan ruwan tsamiya da ya kwana uku a rana a tashar motar Dumai, wannan ya fi shi. Na haɗiye, na ce, "Ba laifi."

Ta dube ni da ido jawur, ta ce, "Na gode, Uda."

Wannan godiyar ta fi kowace baƙar magana da ta taɓa yi mini ciwo.

Lokaci bai ƙure ba tukuna. Idan aka rufe wata tukunya kafin magariba, za ta nuna zuwa safiyar Lahadi, amma babu damar ta uku. Ta sake jiƙa shinkafa, ta aiki Yelni kasuwar Batusangkar ta sayo sabon ragi, ko na farkon ne ya tsufa. Ta ce da ni, "Sharaɗi yana nan. Wataƙila shirun bai isa ba. Ka fita ma daga gidan, kada in ga ƙeyarka."

Na fita na zauna a bayan gida kusa da kejin, ni da kurciya, kowa ya kumbura. Daga nan ina jin ta a kicin tana ajiye kwanoni a hankali, a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Matar da idan tana girki cokali da tukunya sai sun san ta zo.

Ina zaune sai surukina marigayi ya faɗo mini a rai. Sutan Marajo, mutum mai sanyi, ba ya ko korar kaza da ƙarfi. Shekarar da na tare, ana jibi Salla, ina kallo ya ɗauki faifan da surukata ke baza shinkafar tapai, ya zuba masa ƙusoshi da tsofaffin ƙugiyoyin kamun kifi, ya zauna a tsakar gida yana tsince su. Surukata ta fito. Abin da ta sauke masa ranar nan, ni da nake sabon ango sai da na nemi inda zan ɓuya. Ta tono laimar da ya ɓatar, ta tono saniyar da ya sayar da arha, ta tono har rigar da ya sa ranar aurensu. Shi kuwa yana ta tsince ƙusa. Da ta gama ta yi ajiyar zuciya, ta wuce wanka tana 'yar waƙa. Ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Sutan, ranar Salla za ka sha zaƙi." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Sai yanzu na gane. Kowace shekara, ana gab da tapai, sai tsohon nan ya yi wata ɓarna. Bayan ya rasu kuma ni na gaje shi ba tare da na sani ba, domin ni ba sai na yi shiri ba, silifas ɗina kaɗai sun isa. Matan gidan nan sun gaji tukunya, sun gaji yawan ragi da irin ganyen da ake rufewa da shi, amma akwai wani aiki a cikin girkin nan da yake hannun mazan da aka auro, su matan ba su ma san da shi ba. Tukunya ba ta jin abin da aka faɗa a tsakar gida. Wanda aka haɗiye shi take ji. Kwana da kwanaki Rosmaini na haɗiye ni, ni da silifas ɗina da tarina da godiyata, duk ta juye a cikin shinkafa.

Na dubi kurciya. Ta dube ni da ido ɗaya. Na yi tunanin in je in yi wa Rosmaini bayani da lalama, amma fushi ba ya fita da bayani, kuma macen da aka ce mata "yi faɗa don Allah" ba za ta iya ba. Na yi tunanin baranda, da ƙugiyar da na riga na goge mata tsatsa. Na yi tunanin Yelni da idonta cike da ruwa. Na ce da tsuntsuwar, "Burhan ba mugu ba ne, rowa ce kawai gare shi. Ki ci abin da ya ba ki."

La'asar ta yi, shinkafa ta turaru. Na leƙa na ga ta baza ta tana fifita, ragi na cikin turmi. Na ɗauki babban faifanta na biyu da ke rataye, na zuba tsabar kurciya a kai, na shigo kicin da silifas a ƙafata, na zauna ina bushe ƙaiƙayi.

Ta ga faifan. Ta ga silifas. Ta ce da murya kamar zare, "Uda, don Allah, faifan abinci ne."

Na yi tari. Mai kyau, daga ƙirji.

Sannan na ce, "Ros, ni fa shawara zan ba ki. Me zai hana mu sayo na kasuwa? Akwai wata mata a bakin tasha, nata ba ya tsami. Mu juye a tukunyar Amak, wa zai sani? Dama ni tun da can ina ganin na gidan nan an fi zuzuta shi ne kawai. Ko na Amak ɗin ma, Allah ya ji ƙanta, wani lokaci sai an runtse ido."

Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, tapain surukata har mafarkinsa nake yi.

Mafici ya faɗi daga hannunta. Ta miƙe tsaye.

"Na kasuwa? A tukunyar Amak? Kai, Sutan Pamenan! Kai da ka zo gidan nan da akwati ɗaya da wando biyu, ɗaya ma na aro! Kai da Amak ta ciyar har wuyanka ya yi kauri! Runtse ido? Wa ke lashe tukunya da yatsa ranar Salla, har sai an ƙwace?"

"Don kada a yi asara ne."

"Asara! Kai za ka yi maganar asara? Wa ya sayo injin kankare kwakwa da ke jan mutum da lantarki? Wa ya kai ni Bukittinggi ya manta ni a tasha ya dawo gida shi kaɗai yana tambayar yara ina uwarsu?"

"Na koma na ɗauko ki ai."

"Bayan ka ci abinci!"

Ta bi ni tsakar gida. Ta sauke na silifas, ta sauke na kofin da na ce ya yi daidai alhali ita da kanta ta san ruwa ne, ta ce wannan munafuncin ya fi komai ƙona mata rai. Ta sauke na "ba laifi". Maƙwabta suka fito bakin shinge. Yelni ta dawo daga kai ɗinki ta tsaya a ƙofa ta dafe kai. Ana cikin haka sai daga bayan gida aka ji kurciya ta saki kuka, dogo, mai zagaye, sau uku a jere, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

Rosmaini ta tsaya da yatsa a sama. Ta saurara. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan matakala tana yi tana share ido da gefen mayafi.

"Ka ji ta," ta ce. "Tana yi maka ban kwana. Yelni, je ki gaya wa kawunki Burhan ya zo ya ɗauki kayansa."

Ta tashi ta shiga wanka. Ina jin ta tana 'yar waƙa, irin ta uwarta. Ta fito ta barbaɗa ragi, hannunta sakayau, ta rufe tukunya kafin a kira magariba. Burhan kuwa ko rigar kirki bai tsaya sawa ba, ya zo ya ɗauki keji yana cewa, "Sutan, ba don ina so ba, sharaɗi ne." Haƙoransa duk a waje.

Yelni ba ta yi mini magana ba har Lahadi. Ta ce da uwarta na rusa mata aure saboda na kasa riƙe bakina, kuma labarin faɗan ya riga ya kai gidan su Afrizal.

Ranar Lahadi da safe mata suka gasa lamang, aka yanka shi ƙawanya-ƙawanya. Rosmaini ta buɗe tukunya ita kaɗai, ta ɗanɗana, ta juye a kwanon tangaran ta rufe. Aka ɗora tire a ka, muka tafi, Burhan a gaba don shi ne mai magana, ni a baya don ni uba ne kawai, a garinmu kuwa dangin uwa ke da 'ya.

Dattawa suka yi ta jawabi, wannan ya yaba wancan, wancan ya mayar, har ƙafata ta mutu. Uni Samsidar tana zaune cikin mata, fuska ba yabo ba fallasa. Da aka buɗe tire ta ce, "Ros, an ce ranar Alhamis har masu wanki a rafi sun ji ku."

Rosmaini ta ce, "Uni, kunnen mutane nasu ne. Ga tapai."

Ta ɗauki lamang guda, ta tsoma a ruwan tapai mai launin jan garura, ta kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake tsoma wani. Ta ci na uku. Sannan ta ɗaga kai, ba Rosmaini ta duba ba, ni ta hango can bakin ƙofa.

"Sutan, me ka ce mata?"

Na ce, "Cewa na yi a sayo na kasuwa, Uni."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta natsu ta ce, "Baban Afrizal tabarmar sallata yake shanya wa kifi. Tun da ya rasu tapaina bai sake yin zaƙi ba, na sauya ragi har na gaji." Ta goge ido, ta tura kwanon gaban 'yan'uwanta. "Ku ba su yaron. Amma ku sani shiru-shiru ne, ba ya iya tsokana."

Na ce, "Zai zauna kusa da ni, Uni. Zai koya."

A hanyar dawowa Rosmaini ta bari sai da muka wuce gada. Sannan ta ce, "Da gangan ka yi."

"Ni? Bakina ne ya suɓuce."

"To suɓucewa ko ganganci, kurciya dai ta tafi. Kada ka sa rai." Da muka isa gida ta zuba mini ƙarshen lamang, wurin da ya ɗan ƙone a gindin gora, wanda ta san na fi so, ta dangwara mini kwanon ta ce in kwashe silifas ɗina daga hanya.

Bayan biki da 'yan makonni sai ga Burhan da keji a hannu, fuska a murtuke. Gidansa shi da matarsa sai su wuni ba wanda ya ɗaga murya, tsuntsuwa ta ƙi kuka ko sau ɗaya, abokansa na yi masa dariya wai an haɗa shi da bebiya. Ya ce zai rataye ta a gidanmu ya gani. Ya duba bayan gida ya ce kurciyarsa ba za ta zauna da kaji ba. Ya zagayo ya rataye ta a ƙugiyar baranda. Rosmaini ta buɗe baki, amma yayanta ne, kuma babban gida, ta rufe. Ta juyo kaina ta ce ni na kitsa wannan, na ce ban san komai ba, ta ce ƙarya nake yi, kurciya ta saki kuka.

To ga yadda cinikin ya tashi. Yelni ta samu miji. Rosmaini ta samu suna, yanzu har daga wasu ƙauyuka ake aiko mata da shinkafa ta rufe musu. Burhan ya samu kurciya, yana kawo baƙi ranar Juma'a su zauna a barandarmu su sha kofinmu, yana nuna musu tsuntsuwarsa. Kurciya ta samu baranda. Ni ne na faɗi: ni ke sayen tsaba, ni ke wanke keji, ni ke shan faɗan da ke sa ta kuka, kuma ko gashinta ɗaya ba nawa ba ne. Sai dai ana jibi Sallar bana na hango Afrizal ya ɗauki faifan Yelni yana zuba masa ƙusoshin babur, yana waiwayena. Na ɗaga masa kai, na ja kujerata can nesa da ƙofa.